Takalmin gudu mai kaurin soso: wa ya dace da shi, kuma yaya ake zaɓensa?

Duk wanda ke fitowa bayan sallar asuba a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda bakin kwalta ke cika da masu sassarfa. Akwai samarin da ke shirin jarrabawar shiga soja, jandarma ko ƴan sanda, akwai ƴan ƙwallo da ƴan kokowa masu neman numfashi, akwai kuma iyayenmu maza da mata da likita ya ce su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Hukumar lafiya ta duniya OMS tana ba baligi shawarar ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, kuma da yawa daga cikinmu mun fara ɗaukar wannan shawara da gaske.

To, a ƴan shekarun nan wani irin takalmi ya cika kasuwa, tun daga kantuna har tarin bosho. Ƙasansa na da kauri kamar an yanko katifa an liƙa. Wasu na yi masa dariya, wasu kuma sun ce tunda suka sa shi gwiwarsu ta daina damunsu. Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka da sauran ƙasashe su ma suna tambayar wane iri ya kamata su aiko gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen dalla-dalla, don kada mutum ya zuba kuɗinsa a abin da ba zai amfane shi ba, ko ma ya jawo masa targaɗe.

Me ake nufi da gudun sauƙi?

Kafin mu kai ga takalmi, sai mun fahimci aikin da aka yi shi dominsa. Masu horar da ƴan tsere sun raba gudu gida biyu. Akwai gudu mai zafi, wanda mutum ke fitar da duk ƙarfinsa har numfashi ya riƙa sarƙewa. Akwai kuma gudun sauƙi, wato sassarfar da za ka iya yi kana hira da abokin tafiyarka ba tare da maganarka ta yanke ba. Wannan ita ce ma'aunin da ya fi sauƙi: in kana iya ba da labari kana gudu, kana cikin gudun sauƙi, in kalma biyu kawai kake iya fitarwa, ka wuce shi.

A cikin gudun sauƙi akwai wanda ake kira gudun warware gajiya. Shi ne ɗan gajeren gudu, na minti 20 zuwa 40, da ake yi washegarin ranar da aka sha wuya, don jini ya zaga jijiyoyi su saki ba tare da an ƙara wa jiki nauyi ba.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, manyan ƴan tseren dogon zango na Kenya, Habasha da Turai kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinsa. Kashi 20 ne kawai mai zafi. Mu kuwa a nan, saurayi zai fito kullum ya sheƙa kamar an biyo shi, bayan mako biyu ƙwauri ya kama ciwo, ya koma ya zauna. Bahaushe ya riga ya faɗa, sannu ba ta hana zuwa. Takalmi mai kaurin soso an yi shi ne musamman don waɗannan ranaku na tafiya sannu, waɗanda su ne suka fi yawa a mako.

Me ke cikin takalmin?

Takalmin gudu sassa huɗu ne. Akwai yadin sama da ke rufe ƙafa. Akwai ƴar shimfiɗar ciki da ake iya cirewa. Akwai robar ƙasa da ke taka hanya. Sai kuma soson tsakiya, tsakanin shimfiɗa da robar ƙasa, wanda shi ne zuciyar takalmin, shi ne kuma ake biyan kuɗi dominsa.

Aikin soson a bayyane yake. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na dukan ƙasa da ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 70 ke nan, kowane taku tamkar kilo 140 zuwa 210 ne ke sauka bisa ƙafa guda. In yana yin taku 160 a minti, cikin rabin awa ya yi taku 4,800. Soson yana lotsawa ya karɓi wani ɓangare na wannan duka, sannan ya dawo yadda yake kafin taku na gaba.

Ana auna kaurin ƙasan takalmi da milimita, daga tafin ƙafa zuwa ƙasa. Takalman gudu na da can sukan tsaya tsakanin milimita 20 zuwa 30 a dunduniya. Waɗanda muke magana a kansu yau sukan kama daga 35 zuwa 45, wasu ma sun zarce.

Soson ma iri-iri ne. Wanda ya fi daɗewa shi ne EVA, mai araha da rashin nauyi, sai dai yana saurin kwantawa. A shekarar 2013 kamfanin Adidas ya fito da wani mai suna Boost, wanda aka yi da TPU. Ya fi jure aiki da sauyin yanayi, amma ya ɗan fi nauyi. Daga baya aka samu PEBA, wanda ya fi su laushi da tsalle da rashin nauyi, ya kuma fi su tsada.

Daga ina wannan yayi ya taso?

Masu sauraronmu da suka manyanta za su tuna da sunan Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe tseren dogon zango na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Wajen shekarar 2010 ma an yi wani yayi a Turai da Amurka na takalma marasa kauri, har ana cewa gudu kusan ƙafa ba takalmi ya fi lafiya. Daidai wannan lokaci, a 2009, wasu Faransawa biyu, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka kafa kamfanin Hoka, suka bi akasin hanyar: suka yi takalmi mai kauri sosai don masu gangarowa daga duwatsu. Da farko an yi musu dariya, daga baya sauran kamfanoni suka bi sahu.

A 2017 Nike ta fito da Vaporfly, mai soson PEBA da wani siririn faranti mai tauri na kabon a ciki. Ranar 12 ga Oktoban 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na Ostiriya, sanye da wani sabon samfurin wannan takalmi. Surutun da ya biyo baya ya sa hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020: a tseren kan hanya, kaurin takalmi kada ya wuce milimita 40, farantin ciki kuma kada ya wuce ɗaya.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka a lura da kyau. Takalmin tsere mai faranti daban, takalmin gudun sauƙi daban, ko da yake dukkansu na da kauri. Na tsere siriri ne a dunduniya, yana rawa in ana tafiya a hankali, ba ya daɗewa, ga tsada. Wanda ke sassarfar safe ba shi da buƙatarsa. Abin da ya dace da shi shi ne mai faɗin ƙasa, marar faranti, irin su Bondi da Clifton na Hoka, Gel-Nimbus na Asics, Glycerin na Brooks, Triumph na Saucony, Invincible na Nike ko Fresh Foam More na New Balance. Ba talla muke yi wa kowa ba, mun ambace su ne don a gane irin da ake nufi.

Shin yana hana ciwo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, amsarta kuma ba ta miƙe kamar yadda masu sayarwa ke faɗa ba.

A ƙasar Luksamburg an yi wani bincike da aka wallafa a 2020, kan masu gudun motsa jiki 848. An raba musu takalma masu kama ɗaya, wasu da soso mai laushi wasu da mai tauri, aka bi su tsawon wata shida. Waɗanda suka samu mai taurin sun fi jin rauni. Amma da aka duba da kyau, sai aka ga masu ƙaramin jiki ne suka fi cin moriyar laushin. Ga masu nauyi, bambancin bai fito fili ba. Kun ga ke nan zancen da ake yi cewa mai ƙiba shi ne ya fi kowa buƙatar soso mai laushi bai samu goyon baya a wannan bincike ba.

Wani ƙaramin bincike kuma da aka yi a Finlan a 2018 ya nuna cewa in mutum ya sa takalmi mai kauri sosai, ƙafarsa takan ƙara sandarewa da kanta, har dukan da ke shiga jiki ya ƙaru, musamman in ya ƙara sauri. Dalili shi ne jiki na da wayo: in ya ji ƙasa ta yi laushi, sai ya ƙara taurin ƙafa don ya samu abin dogara, kamar yadda muke yi in muna tafiya cikin rairayi.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, soso yana sa ƙafa ta ji daɗi, yana rage tsamin tafin ƙafa bayan doguwar tafiya a kwalta, kuma ga wasu yana rage rauni. Amma ba laya ba ne. Babban abin da ke jawo wa masu gudu ciwo shi ne ƙara nisa ko sauri farat ɗaya, jiki bai saba ba. Wanda ya tashi daga kilomita 5 zuwa 15 cikin mako guda, ko takalmin jika ɗari ya sa, ƙwaurinsa zai gaya masa.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko, girma. Ƙafa takan kumbura in ana gudu, balle a zafinmu. A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta buɗe, kuma da safar da za a riƙa gudu da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Mu da muka tashi da silifa da takalmin fata, yatsunmu sun fi bajewa, don haka a nemi mai faɗin gaba. Takalmin da ya matse shi ke kawo bororo da baƙin farce. Kada mai kaya ya ce maka zai buɗe in ka sa shi. Takalmin gudu ba na baduku ba ne.

Na biyu, faɗin ƙasa. Duk yadda takalmi ya ƙara tsawo, haka yake ƙara sauƙin gurɗa ƙafa. A juya shi a duba: in ƙasansa na da faɗi a dunduniya da tsakiya, zai zauna daram. A sa shi a tsaya da ƙafa ɗaya. In idon sawu na rawa, a ajiye.

Na uku, laushi daidai wa daida. Wanda ya yi laushi har ƙafa na nutsewa yana gajiyar da agara da dambubu. Ana son wanda in ka taka zai karɓe ka, sannan ya ɗan turo ka.

Na huɗu, tazarar dunduniya da gaba. Yawancin takalma dunduniyarsu ta fi gabansu tsawo, daga milimita 4 har 12. Mai tazara kaɗan yana ɗora aiki bisa agara da dambubu, mai tazara da yawa yana sauƙaƙa musu, ya tura aikin wajen gwiwa. Wanda agararsa ke damunsa ya nemi mai milimita 8 zuwa 10. Wanda kuma zai sauya daga wani iri zuwa wani, ya yi a hankali cikin makonni.

Na biyar, nauyi. Irin waɗannan takalma na maza sukan kai giram 280 zuwa 320 kowace ƙafa. Masana sun auna cewa duk ƙarin giram 100 na ƙara wa mai gudu wahala da kusan kashi 1 cikin 100. A gudun sauƙi wannan ba abin damuwa ba ne, amma saurayin da zai shiga jarrabawar gudu ya sani cewa ranar gwaji takalmi marar nauyi ya fi masa.

Na shida, wanda ya fi duka: jin daɗin ƙafa. A ɗaura igiya a ɗan yi sassarfa a gaban shago. In akwai inda ke cizo tun yanzu, a kilomita na biyar zai zama wuta.

Ƙasarmu da zafinmu

An ƙera waɗannan takalma ne don kwalta da daɓen siminti. Wanda ke gudu a titunan Yamai ko kewayen filin wasa na Janar Seyni Kunce zai ji amfaninsu sosai. Amma wanda ke ƙauye yana bin hanyar rairayi, ƙasar da kanta katifa ce. Ƙara mata soso mai kauri sai ya sa ƙafa ta riƙa iyo. A hanyar jan burji mai tsakuwa da ramuka kuwa, dogon takalmi na iya jawo targaɗe, gara matsakaici mai ƙwaƙƙwarar roba a ƙasa.

A duba robar ƙasan da kyau. Don rage nauyi, wasu kamfanoni na barin soson a fili ba roba a wasu wurare. Irin wannan tsakuwa na cinye shi da wuri, ƙaya da tsidau kuma na shigewa cikinsa. Yadin sama mai manyan huji yana shan iska, amma yana shan yashi da ƙarangiya, don haka a riƙa kaɗe shi bayan kowane gudu.

Sai rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a yawancin garuruwanmu. Zafi na sa soso ya yi laushi fiye da kima ya kuma tsufa da wuri, yana kuma narkar da gam. Kada a shanya takalmi bisa kwano ko a bar shi cikin mota a rufe. A wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a cire shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa.

In bosho za a saya

Mun san halin da ake ciki. Sabon takalmi na asali irin wannan a Turai yakan kama daga Yuro 150 zuwa 200, wato wajen jika 98 zuwa jika 131 na sefa. Ba kowa ke da wannan ba, shi ya sa yawancinmu bosho muke nufa. Babu laifi, amma a san abin da ake dubawa, don soso na mutuwa tun yadin sama na sheƙi.

Masu ƙera takalma na cewa yawancinsu na yin kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya gaji. Mai yin kilomita 20 a mako, wata shida zuwa tara ke nan. Takalmin da Bature ya riga ya gama da shi ya zuba a kwandon sadaka, wataƙila ya cinye wannan nisa tun kafin ya hau jirgin ruwa.

Ga yadda za a gane. A dubi gefen soson: in ya yi tamoji masu zurfi kamar fatar tsoho, ya kwanta. A cire shimfiɗar ciki a danna da babban yatsa: mai rai zai lotsa ya dawo, mataccen zai yi tauri kamar katako ko ya lotsa ya zauna. A ajiye takalmin bisa tebur a dube shi ta baya: in ya karkata gefe guda, tsohon mai shi ya riga ya koya masa tafiyarsa, zai kuma karkatar da taka. A duba robar dunduniya ko ta cinye har soso ya fito. A murɗa shi kamar ana matse wanki: in ya murɗe ba gardama, ya gama aiki.

Akwai kuma jabu, sabo fil da sunan babban kamfani a jiki, ana sayar da shi jika biyar ko goma. Kaurin na nan a ido, amma cikinsa roba ce mai tauri ko ramuka. Yakan yi nauyi, yana warin gam, ɗinkinsa ba daidai ba, lambar da ke harshensa kuma sau da yawa ba ta dace da ta kwali ba. Araha ba ta ado. Bosho na asali mai sauran rai ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

Ga ƴan uwa da ke waje

In za ku aiko wa na gida, kada ku dogara da lamba kawai, don lambar Turai daban, ta Amurka daban, ta Ingila daban. Misali, a wasu kamfanoni lamba 9 ta maza a Amurka ita ce 8 a Ingila, 42 da rabi a Turai, santimita 27. Hanya mafi sauƙi: na gida ya taka takarda a tsaye, a zana ƙafarsa, a auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo, a aiko muku da santimitar ta WhatsApp. Ku ƙara kamar santimita ɗaya, ku duba lambar santimita da ke harshen takalmin. Ku tambaye shi kuma inda yake gudu, kwalta ko rairayi. Samfurin bara yakan sauka a farashi in sabo ya fito, aikinsu kuma kusan ɗaya ne. In da hali, ƙafa biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi ɗaya mai tsada, don mai sauya takalmi yana ba soson lokacin dawowa, ƙafarsa ma ba ta shan duka a wuri guda kullum.

Jan hankali ga iyayenmu

Dattijon da tafiyarsa ba ta da ƙwari, ko mai fama da jiri, ya yi hattara da takalmi mai tsawo da laushi sosai, don yana rage jin ƙasa, yana iya kawo faɗuwa. Matsakaici mai faɗin ƙasa ya fi masa. Mai ciwon suga kuma ya riƙa laluba cikin takalmi da hannu kafin ya sa, ya duba ƙafarsa bayan ya cire, don ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne. Duk wanda ciwon gwiwa, ƙwauri ko dunduniya ya wuce masa mako biyu, ko yana ƙaruwa in yana gudu, ya dakata ya je gidan likita, kada ya ce sabon takalmi zai warkar da shi.

Wanda ya samu sabon takalmi kuma kada ya fara da doguwar tafiya. Ya sa shi a gajeren gudu sau biyu ko uku, yana sauyawa da tsohon, har ƙafa ta saba. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa, a bi gefen hanya ta inda ake fuskantar motoci, a kuma tuna da ma'aunin nan na hira: in ba ka iya gaisawa da wanda ka wuce, ka rage sauri. Allah Ya ƙara mana lafiya.